Lambar da Walda Ta Rufe

Shekara talatin ina sayar da albasa a gefen rumfar Malam Sa'adu mai gyaran keke a kasuwar Goronyo, kuma ban taɓa jin ya ce bai sani ba. Wannan halin nasa yana ba ni haushi har yau. Keke zai wuce can nesa, shi yana sunkuye yana faci, sai ya gaya maka ƙirarsa da shekarunsa da wanda ya fara hawansa, ko kai bai ɗaga ba. In ka yi gardama ka sha kunya. Tun yana saurayi ya gaji rumfar daga kawunsa, ya yi aure da ita, ya aurar da 'ya'ya da ita. Da babura suka cika gari, abokan sana'arsa duk suka koma can, shi ya ce ba ya taɓa abin da ke shan mai yana tari.

A bazarar bara ruwan dam ya ja baya sosai. Wani masunci, Halliru, ya ga ƙarfe ya leƙo daga laka, ya tono, sai ga ƙaramin keke mai gajeren jiki da kai mai sanda a gicciye, irin wanda Turawa ke kira BMX. Ba taya, ba sirdi, tsatsa ta cinye fentin. Kafin la'asar labari ya kai kunnen Inna Kaltume.

Duk wanda ya manyanta a garin nan ya san zancenta. Mijinta ya yi wa Turawan da suka gina dam ɗin gadi, da za su tafi suka bar masa keken ɗansu. A lokacin babu wani keke irinsa a duk yankin. Ɗanta Siddiq ya haye shi wata safiya, yana da shekara sha biyar, ya ce zai kai saƙo Kwargaba. Ba a sake ganinsa ba, ba a ga keken ba. Wasu suka ce ruwa, wasu suka ce an gan shi a kudu. Mijin ya rasu bai ji gaskiya ba.

Ta zo da kanta, Halliru na biye da ƙarfen a kafaɗa. Ta zauna a bencin Sa'adu, ta daɗe tana haki.

"Malam Sa'adu, kai aka cewa ka san keke," in ji ta. "Duba min wanga. Nashi na, ko ba nashi na ba? Shekara talatin da shida ban san addu'ar da ni ka yi mai ba. In ce Allah shi jiƙan shi, sai in ji awa ni kashe shi. In ce Allah shi maido shi, sai in ji ni hana mai rahama."

Na zuba ido in ji yadda sarkin sani zai yanke magana nan take. Ya juya ƙarfen, ya shafa, ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya ce ta ba shi kwana bakwai.

Matsalar ita ce, bayan ɓatan yaron da kamar shekara goma, 'yan gwanjo sun cika kasuwa da irin wannan keken, har na haya ake yi da su. In ƙarfen nan tsohon ƙira ne na zamanin ginin dam, to na Siddiq ne, babu wani, ruwa ne ya ci shi ke nan. In na baya ne, to wani ne ya yar da shi a ruwa, ita kuma ta koma jiranta. Shekarun keken kawai ake nema, abin da Sa'adu ke faɗa da ido a rufe.

Ya jiƙa shi da kalanzir, ya goge da burushin waya. Ya auna kan, ya leƙa wurin birki, ya ƙirga haƙoran faranti. Komai ya duba sai ya ce na da haka yake, na bayan ma haka suke. 'Yarsa Mashkura, malamar makaranta a Wurno, ta ɗauki hotuna ta tura wa wasu masu tara tsofaffin kekuna a intanet. Ranar da ta fara zancen, Sa'adu cewa ya yi, "Mi sunka sani can da ban sani ba?" Bayan kwana biyu shi ke tambayarta ko sun amsa.

Sun amsa. Suka ce an yi ta kwaikwayon wannan ƙirar shekara da shekaru, hoto ba zai raba ba. Amma a kifa keken, a duba ƙarƙashin gidan feda, akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe, a cikinta shekarar take.

Ina tsaye ya kifa shi. A daidai wurin akwai walda, kauri kamar ɗan yatsa, an zagaya ta sau biyu an lanƙwasa wutsiyarta. Ko ni mai albasa na gane ta. Yara kan yi tsalle da irin kekunan nan, nan suke tsagewa, kuma duk wanda aka kawo, haka Sa'adu ke ɗinke shi. Yana ma alfahari da wannan wutsiyar, wai sa hannunsa ce. Bai taɓa kula akwai rubutu a wurin ba, don shi ba ya bukatar lamba.

Na ce, "To ai shi ke nan. Ka yi wa na Siddiq walda ko ba ka yi ba?"

Ya shafa waldar da yatsa. "Na yi ma kekuna sun fi arba'in," ya ce. "Nashi, wallahi ban tuna ba."

Na yi shekaru ina jiran ranar da zan ji irin wannan kalma daga bakinsa in yi masa dariya. Da ta zo, tausayinsa ne ya kama ni.

Ya ɗauki zarto mai laushi ya shiga cin waldar a hankali, ko lambar na nan a ƙasa. Kullum da safe kafin ya taɓa aikin kowa, sai ya yi ta gogawa. Ranar kasuwa Inna Kaltume ta dawo, ya ce ana kan aiki. Ta gyaɗa kai ta ce ba ta gaggawa, ta saba.

A mako na uku na ji ƙarar zarton ta canza, sai shiru. Ƙarfen da ya shafe shekaru a laka ya rube daga ciki, zarto ya fasa shi. Inda lamba take ya zama rami, har ana hango ƙasa ta cikinsa. Sa'adu ya tsince garin tsatsar da ya zuba a kan buhu, yana murzawa a tafin hannu.

Na ce ya gaya mata gaskiya, ya ce wace? Na ce to ya zaɓa mata ɗaya ta huta, ya ce ba zai binne ɗan mutum da ƙarya ba, ba kuma zai raya shi da ita ba. Ni ma da na zauna na auna, ban ga mafita ba.

Har yanzu tana zuwa duk ranar kasuwa. Da ya hango ta sai ya ɗauko keken ya ɗora a cinya, ya sa babban yatsansa a kan ramin.

"An ga wani abu, Malam Sa'adu?"

"Muna nan muna dubawa, Inna."