Rabin Farantin Alhaji Garba

Ban taɓa mantawa da ranar da Sista, shugabar nas-nas, ta kira ni ofishinta a kan farantin mutum ɗaya ba. A daminar shekarar da aka ba mu mulkin kai ne, lokacin ina da shekara huɗu a kicin ɗin asibitin da na yi aiki a nan Bauchi, a matsayin kuku na biyu. Bari in yi wa waɗanda ba su riski tsarin ba bayani. Babban kuku shi ke da manyan tukwane, abincin da ake zuba wa kowa da kowa. Kuku na biyu kuma shi ke da abin da muke kira abincin kati, wato na marasa lafiyar da likita ya rubuta musu abin da za su ci da yawansa. Ni Bulus daga wani ƙauye a kudancin Bauchi na fito, na koyi girki a gidan wani Baturen gona, na iya awo kuma ina karanta kati, shi ya sa aka danƙa mini wannan ɓangaren. Kuku ba ya shiga ɗakin marasa lafiya sai da izini. Namu shi ne mu dafa mu zuba, a ɗauka a kai, faranti ya dawo mu wanke.

Mai farantin shi ne Alhaji Garba, wani falken goro daga unguwar Wunti. Ƙaton mutum ne na gaske, ranar da aka kawo shi sai da aka shimfiɗa katako a ƙarƙashin katifa don kada gadon ya lotsa. Duk Wunti an san shi da ci da ciyarwa, zaurensa ba ya rabuwa da kwanuka. Gyambon ciki ya daɗe yana cinsa yana daurewa, har ya kai ga aman jini. Likita ya yi masa tiyata, ya yanke fiye da rabin tumbinsa ya ɗinke sauran, don a wancan zamanin maganin ke nan idan gyambo ya kai haka. Aikin ya yi kyau. Sai dai abin da ya rage masa na ciki, in ji likita, bai fi ƙoƙon shan ruwa ba. Aka rubuta a katinsa: ya ci kaɗan-kaɗan sau shida a rana, ban da shan ruwa a kan abinci, ban da kayan zaƙi.

Sati biyu da aiki, mutanen gidansa suka ga ya fara zama, suka ɓoyo masa fura mai sukari cike da ƙwarya. Don ƙauna suka yi. Ya kafa kai ya sha, kafin ya ajiye ƙwaryar gumi ya karyo masa, jiri ya kwashe shi ya zube a bakin gado. Daga ranar Sista, Baturiyar da ke kula da ɗakunan duka, ta hana shigo masa da abincin gida. Lokacin cin abinci kuma a kori baƙi, a ja masa labule, a ajiye masa faranti da cokali shi kaɗai.

A nan aikina ya shigo. Ƙa'idarmu ita ce, in mai kati ya kasa cinye abin da aka zuba masa kwana biyu a jere, a rage awon, kada a takura wa cikinsa. Na fara zuba masa ludayi biyu, rabi ya dawo. Aka ce in koma ludayi ɗaya, rabi ya dawo. Aka koma rabin ludayi, shi ma rabi ya dawo. Duk Litinin ana ɗora shi a sikeli, duk Litinin yana raguwa. Zuwa sati na shida mutumin da aka sa wa katako ya koma mutum ɗaya na iya ɗaga shi.

Shi ne Sista ta kira ni. Da 'yar Hausarta ta ce, "Bulus, wannan mutum yana mutuwa. Abinci naka ba kyau?" Ta gaya mini likita ya yanke shawara, in Litinin mai zuwa sikeli ya sake yin ƙasa, za a tura shi babban asibiti a Kano a sake buɗe cikin a duba. Likitan da kansa bai yi tsammanin jikin zai ɗauki yanka na biyu ba. Kwana shida ke nan suka rage.

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba, don ni mutum ne mai ji da hannunsa. Na koma kicin ina huci, na ce duk farantinsa da ya dawo kada a taɓa sai na gani. Na shekara huɗu ina ganin farantin waɗanda abinci ya fita ransu. Sukan dagula shi, su tura nan su tura can, su soke cokali a ciki. Na Alhaji ba haka yake ba. An ci daga gefe ɗaya zuwa tsakiya, aka tsaya cak kamar an yanka da wuƙa. Ɗaya rabin ko miyar ba a taɓa ba, an goge cokali, an kifa ƙaramin faranti a kai. Uku na duba a ranar, duk haka. Mai tashin zuciya ba shi da lokacin wannan tsari.

Na roƙi Malam Yusufu, babban nas na ɗakin maza, ya ba ni izinin shiga. Washegari da hantsi na ɗauki farantin da kaina na ɗaga labule.

"Sannu Alhaji, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Wane ne?"

"Kuku ne, ranka ya daɗe. Ni ke dafa maka."

"To, Allah ya saka da alheri. Ba laifinka ba ne, ɗana. Bakin ne ya mutu. Kome na sa, kamar tsumma nake tauna. In na ga faranti ma gabana faɗuwa yake, ina tuna ranar furar nan."

Na durƙusa na ce, "Alhaji, in ka ci rabin nan, ƙoshi kake yi?"

"Ƙoshi? Na manta kamarsa. Yunwar ma na manta."

"To me ya sa kullum daidai rabi kake tsayawa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne? A garinku magidanci yana siɗe kwano? Tun da na ajiye iyali ban taɓa mayar da kwano wayam ba. Akwai masu jira."

"A nan su wa ke jira, ranka ya daɗe?"

"Ina zan sani? Mai rabo. Masu wanke-wanke, ko masu shara." Sannan ya ce, "Af, wa ke cin ragowar tawa?"

Da na yi tunani da na san abin da zan ce. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Zubarwa ake yi, Alhaji. Dokar asibiti ce."

"Sati shida?"

"Sati shida."

Ya juya fuskarsa bango. Farantin azahar ya dawo ba a taɓa shi ba, na la'asar ma haka. Na je neman gyara na ƙara ɓatawa.

Kunya ta ishe ni a ranar, kuma ba ta maganar da na yi kaɗai ba. Ni ma da ragowar kwanon mahaifina na girma. Mukan zauna nesa kaɗan muna satar kallonsa har ya ture kwanon, kuma ko a shekarar yunwa bai taɓa cinyewa ba. Malam Yusufu ma haka ya tashi, masu kai abincin ma haka. Dukanmu mun san wannan a gidajenmu, amma da mun sa fararen kaya sai mu bar shi a bakin ƙofa. Ni kuwa na ƙara da zaman gidan Bature, inda faranti in ya dawo fes shi ne yabon kuku. Mutum yana bar wa wani rabonsa, mu muna rubuta cewa cikinsa ya ƙi, muna ƙara rage masa.

Washegari da safe na sami Malam Yusufu, muka tafi wurin Sista tare. Na kawo shawara biyu: a ninka awon, tunda a rabi zai tsaya, sannan a samo wanda zai ci ragowar a gaban idonsa. Ta ƙi nan take, kuma tana da hujja. In ya cinye duka fa, ɗinki ya sami matsala? Ga shi faranti ba ya tashi daga wannan gado zuwa wancan. Malam Yusufu ya ce ciwon Alhaji ba na ɗauka ba ne, ya kuma ce shi zai tsaya a kansa duk lokacin ci. Da likita ya zo zagaye aka kai masa maganar. Ya saurara, ya daɗe yana duban katin, ya ce a gwada kwana uku, a auna kwanon kafin ci da bayan ci, in ya wuce awo a daina.

Wanda muka samo shi ne Ishaku, wani leburan hanyar jirgin ƙasa da ake shimfiɗowa a lokacin. Ƙarfe ya karya masa cinya, an rataye ƙafar, ba shi da kowa a gari, ga shi da ci kamar gara, abincin babban kuku ba ya kai masa ko'ina. Aka turo gadonsa kusa, aka yaye labule. Na ajiye farantin asibiti na zuba tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka a langa, na kawo ruwan wanke hannu. Malam Yusufu ya ce, "Alhaji, ga baƙonka. Abin da ka rage nasa ne."

Alhaji ya gutsuri loma ɗaya da ƙyar, ya tura langar gaba. "Bismilla, ci."

Ishaku ya dubi tuwon, ya haɗiye yawu har muna ji, ya naɗe hannuwansa. Hausarsa ta 'yan koyo ce. "A'a, Baba. Kai ba ka ci ba. Gidanmu babba ya ci tukuna. Kai ba ci, ni ba ci."

"Na ce ka ci."

"Ni ba ci."

Wannan ba mu shirya shi ba, wallahi, tarbiyyar gidansu ce kawai. Alhaji ya dubi Malam Yusufu ya ce, "Ka ga mini bawan Allah, zai kashe kansa da yunwa a kaina." Ya jawo langar, ya riƙa kai loma a hankali yana yamutsa fuska, har ya kai tsakiya. Sannan ya tura. Ishaku ya faɗa wa sauran, ya share, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana kallonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Muka auna, awon likita daidai ya ci, bai ƙara ba bai rage ba.

Haka aka yi ta yi sau shida a rana. Litinin ta zo, sikeli bai hau ba amma bai sauka ba, likita ya ɗaga tafiya Kano da sati ɗaya. Hankalina dai bai kwanta ba, don na san Alhaji dole ce ke sa shi ci. Yakan ce wa Malam Yusufu aikin lada yake yi, bakin yana nan a mace. Likita kuma ya faɗa mana Ishaku ba zai dawwama a gadon nan ba, in aka sallame shi Alhaji bai fara son abinci don kansa ba, baya za a koma.

Ishaku kuwa ba ya iya ci shiru. Kowace loma sai ya yaba. "Baba, wannan miya, ko gidan sarki!" Alhaji ya ce masa ya yi a hankali kada ya shaƙe. Wani lokaci ya tambaye shi me yake ji a ciki, Ishaku ya yi ta zuba.

Ana cikin sati na uku, ina tsaye a bakin murhu, aka ce Alhaji na kirana maza. Na ce a raina shi ke nan, ya wuce awo. Na same shi zaune daram, hannu dumu-dumu da miya, fuska a murtuke.

"Kuku, matso. Mece ce wannan?"

"Miyar kuka ce, ranka ya daɗe."

"In ji wa? Ina daddawar? Gishirin ma rowarsa ka yi. Kukar kuma ta bara ce, ina jin tsufanta a harshena. Wannan da yake ta yabonka bai san miya ba ne. Je ka Wunti gidana ka ce a ba ka daddawa, ka ce ta cikin tulu, ba ta baƙi ba."

Duk ɗakin ana jiran a ga yadda zan yi, don an san ba na ɗaukar raini a kan girki. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, hawaye na bin ta. Miyar nan ita nake yi masa tun ranar farko, daga buhun kuka ɗaya, ba abin da na sauya.

Likita ya yarda da daddawa kaɗan. Bayan kwana biyu Alhaji ya ce wainar masa yake marmari, aka ba da izinin guda ɗaya ba sukari. Ya raba ta biyu, ya miƙa wa Ishaku rabi, ya ci nasa a hankali ido rufe. Aka soke tafiya Kano. An sallame shi ana saura 'yan kwanaki bikin mulkin kai. Bai sake zama ƙato ba har ya bar duniya, kuma ya yi shekaru masu yawa bayan nan. Ci shida ɗin ya riƙe shi, a zaurensa, da mutane kewaye da shi.

Ku da kuke kicin yanzu kuna da ma'auni masu kyau da ilimin da mu ba mu samu ba, ku riƙe su, don awon likita ne ya tsare ɗinkin mutumin nan. Amma in faranti ya dawo, ku dube shi kafin ku kai shi wurin wanki, in kun ga abin da ba ku gane ba ku nemi izini ku je ku tambayi mai shi. Mun yi sati shida muna auna abin da Alhaji ya bari, ba wanda ya tambaye shi dalili. Na yi shekara talatin da ɗaya a aikin nan, an yaba mini girki ba adadi, yawanci na manta masu yabon. Wanda ya kushe miyata a gaban ɗaki guda shi nake tunawa, don a ranar na san zai rayu.