Baturen da Ya Ce Sai Na Dube Shi

Jama'a, yau ladabi ya kusa jawo mini asarar jaki!

Ni da Kawu muka ɗauko kanwa a kan jaki daga Maraɗi. A iyakar Jibiya wani Bature ya tare mu. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Sai ya hau faɗa!

Tafintansa ya ce, "Wai tunda ka ƙi kallonsa, akwai abin da kake ɓoyewa. Dube shi, ko ya riƙe jakin."

Na ɗago, kunya kamar in nutse. Idanunsa kamar na kyanwa! Ya yi murmushi, ya ce mu wuce.

Da muka isa garin Kusa, Kawu ya juyo gare ni. Ya ce, "Ranar da ka yi mini wannan kallon, ka nemi wani kawun."