Takardar gonar Kawu tana cikin layi

Ni na zaɓi na'urar, kuma gara in faɗi haka tun farko, don na daɗe ina ɗora laifin a kan zafi da rezon sadarwa da yankewar kuran, wutar lantarki ke nan. A lokacin ina aiki a wani ɗan buro, wato ofis, a wani gari tsakanin Malbaza da Illela, inda ake ɗaukar hoton takardun gonakin ƙauyukan kewaye a adana. Mai gona ya kawo takardarsa, sakatariyarmu ta sa ta a sikana, ta miƙa masa abarsa ya tafi. Mu biyu ne kawai a buron, ni da ita. Ni ake ce wa injiniya, ina kuwa amsawa ba kunya, alhali wata shida kacal na yi ina koyon kwamfuta a Ƙonni.

Na'urar ba ta kai rabin buhun siminti ba. Aikinta shi ne ta karɓi hotunan takardun ta riƙe a diskinta, wato rumbun ajiyarta, sannan ta riƙa tura su ta rezo, ɗaya bayan ɗaya, zuwa wata babbar ma'ajiya a wata ƙasa mai nisa, wadda masu sana'ar ke kira gajimare. Abin da ya kai can ya tsira. Abin da bai kai ba yana cikin layi, kuma ba ya ko'ina a duniya sai cikin wannan akwatin da ke ƙarƙashin teburina. Abin tsoron shi ne, in ka duba allon kwamfuta, wanda ya tafi da wanda ke jira duk kamarsu ɗaya.

Kafin a sayo ta, waɗanda suka kawo aikin sun aiko mini da takarda in cika: ƙarfin ƙwaƙwalwar da ake buƙata, yawan memwar da ke riƙe aikin da take kai, girman diskin da zai riƙe masu jira, da ƙarfin rezon garin. A ƙasa sun rubuta shawara cewa a ware wa masu jira diski na biyu, kuma a yi awo da ranar da aiki ya fi yawa. Na karanta, na gane, na kuma yi gaban kaina. Na zauna mako guda ina ƙirga masu shigowa, na ga ba su wuce goma a wuni ba, na ɗan ƙara kaɗan don kada a ce ban yi tanadi ba, na zaɓi mafi ƙanƙanta mai diski ɗaya. Har ina yi wa sakatariya alfahari cewa batirin solarmu zai riƙe ta ba wahala.

Sai dai cikin sanyi na yi wannan ƙirgan, bayan kaka, lokacin da maza duk sun tafi cin rani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san maganar gona barci take sai bazara, in maza suka dawo aka shiga sharar gonaki, sannan kowace iyaka ta farka. Ni ma na sani. A gidan da na girma ba a taɓa gina rumbu daidai da abin da aka samu bara ba. Amma da na zauna kan kujerar buro sai na manta ko ni ɗan wane gida ne.

Bazara na kamawa mutane suka cika ƙofarmu. Amalanke da babura tun hantsi, kowa da takardarsa a leda, wani har da na kakansa guda huɗu. Zafi ya sa rezo ya koma zuwa da ɗaukewa, na'urar na karɓar ɗari tana tura goma. Akwai wata lamba a gefen allo mai nuna cikar diski, kullum da safe sai in tarar ta ƙaru. Fankar cikin akwatin ta soma gurnani ba tsayawa. In sakatariya ta danna ta buɗe wata takarda, sai ta ɗora shayi ya tafasa kafin ta buɗu.

Cikin wannan cunkoson Kawu ya zo, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Gona ɗaya gare shi ta kirki, a bakin burtali, mai babban gawo a gefen gabas. Mahaifinsa ya saye ta, aka rubuta da ajami gaban shaidu uku, kuma duk ukun sun rasu. Takardar nan ita kaɗai ta rage mai magana. Tun ina yaro na san ta cikin wani gwangwanin madara, an naɗe ta da fata, an barbaɗa toka saboda gara, an rataye. Duk shekara Kawu kan sauko da ita ya shanya ta ɗan lokaci, yana zaune a gefenta da sanda, ko kaza ba ta isa ta gifta ba. Abin da ya kawo shi kuwa, jikan wanda ya sayar ya dawo daga cin rani yana yi wa mutane maganar cewa aro ne aka ba su, ba saye ba.

Na tsallake da shi layin mutane, na karɓi takardar da hannuna. Don in girmama shi sai na ɗauke ta da launi, a mafi kyawun ɗauka, har zanen tawadar da tabon toka suka fito. Hoton ya yi nauyin na mutum hamsin. Na juya masa allon ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina take yanzu.

Na ce, “Tana can nesa, Kawu, inda ba gara ba ruwa. Ko wuta ta ci wagga ta hannunka, waccan tana nan.”

“Kai kac ce?”

“Ni nic ce.”

Ya sa mini albarka gaban mutane, na ji kaina ya yi girma. Ban duba ko ta tafi ba.

Bayan kwana uku na duba, na gan ta cikin layi. Saboda nauyinta, duk lokacin da ta kama hanya sai rezo ya yanke kafin ta kai, ta koma ta sake jira, ƙananan da suka zo bayanta suna wuce ta. Na soma jin tsoro, irin tsoron da mutum ke ɓoye wa kansa. Na rubuta a aiko da babban diski da ƙarin memwar, aka ce sai sun zo daga Yamai. Na gwada kwafe masu jiran a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, na'urar ta sandare, mutane a waje suka fara guna-guni, na cire. Da na nemi ta Kawu kaɗai na kwafa, da ta yiwu. Na ce bari sai ranar da babu mutane, in yi gaba ɗaya cikin natsuwa.

Daga nan wata ƙara ta shigo, ƙas-ƙas, can cikin akwatin, ta yi ta tsaya, ta sake. Sakatariya, wadda ta girme ni kuma ba ta san komai game da diski ba, ta ce mini abin nan ba lafiya gare shi ba, a rufe buro kwana biyu a bar shi ya sauke kayansa. Na yi mata dariya na ce ba jaki ba ne. Ta dube ni ta ci gaba da aikinta. Hadari ya fara haɗuwa gabas da la'asar yana watsewa, lambar nan ta kai inda ba ta da sauran wurin ƙaruwa.

Wata safiya, bayan ruwan farko, na kunna na'urar ta yi ƙas-ƙas sau uku ta yi shiru. Na kai diskin wurin wani mai gyara a Ƙonni, ya kara shi a kunne, ya girgiza kai. Na shiga ma'ajiyar can ta waya ina nema da sunan ƙauyenmu. Ta maƙwabcin Kawu tana nan, ta limami tana nan. Ta Kawu babu. Na lallashi kaina cewa ai abin da sauƙi, asalin takardar na hannunsa, in je in karɓo in sake ɗauka ba tare da ya san komai ba.

Na hau babur na tafi. Ina shiga gidan, kafin ma in gama sallama, na hango gwangwanin madarar nan a gefen murhu, bakinsa a buɗe, matar Kawu ta zuba gishiri a ciki.

Kawu ya tarbe ni da murna. Ya ce dama yana shirin aiko mini, don mutumin nan ya kai ƙara wurin hakimi, an sa musu ranar Laraba, shi kuwa ya faɗa wa kowa cewa ɗansa injiniya zai zo da takarda daga inda ba ta lalacewa. Na tambaye shi ina ta hannunsa. Ya nuna rufin ɗaki, inda ya soke ta tsakanin itace da ciyawa tun ranar da ya dawo daga wurina. Na taka turmi na miƙa hannu. Abin da ya biyo yatsuna jiƙaƙƙiyar ƙasar gara ce, da wani ɗan guntu mai kalma biyu da ba a iya karantawa.

Ya leƙa tafin hannuna, ko gezau bai yi ba. “Zubda shi, ɗana. Ai taka tana nan. Ka taho da ita ran Laraba.”

A nan tsaye kan turmi na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ɗauki butarsa ya fita.

Ran Laraba na je na ba da shaidar na ga takardar da idona, aka ce ai ni ɗan gida ne. Dattawa suka yi sulhu aka raba gonar biyu, gefen gawon ya tafi. Babban diskin ya iso ana tsakiyar noman farko, na ɗaura shi ya yi aiki lafiya lau. Hakimi ya rubuta wa Kawu sabuwar takarda ta rabin da ya rage. Kawu ya sa aka juye gishirin, ya wanke gwangwanin da kansa ya shanya, ya naɗe takardar da fata, ya barbaɗa toka ya rataye. Har ya rasu yana ce mini injiniya, amma bai taɓa kawo ta burona ba.