Ciyawar Robar Mai Tayil

Mai Tayil ya shekara ashirin yana aiki a gidajen mutane, har ya koma ganin ƙasa ƙazanta ce. Rannan ya sare mangwaron tsakar gidansu, wai saiwa za ta fasa masa aiki, ya mamaye ko'ina da tayil.

A gindin bishiyar nan mahaifiyarsa mai hawan jini take wuni. Da zafi ya tsananta, tsakar gida ta zama kasko, tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Likita ya ce a nema mata inuwa da shuke-shuke.

Gogan naka sai ya shimfiɗa mata ciyawar roba.

Ƙanwarsa ta taka, ta ɗage ƙafa ba shiri. "Yaya, wannan ce za ta sanyaya wa Inna?"

"Ke ba ki san kaya ba. Ko ganye ɗaya ba ta zubarwa."