Kunyar Yahuza

Duk wanda ka tambaya a Nasarawan Doya game da ƙanena Yahuza, abu ɗaya zai fara gaya maka: yaron nan akwai kunya. Da yabo suke faɗa, har da gyaɗa kai. Ni kuwa Talatu, da na goya shi a bayana, in na ji wannan yabon yanzu sai in tashi in bar wurin.

Tun yana ƙarami haka yake. In aka zuba masa tuwo a maƙwabta sai ya ce ya ƙoshi, cikinsa na ƙugi kowa na ji. Ya taɓa taka ƙaya a gonar Baba, ya yi ta ɗingishi bai faɗa wa kowa ba, sai da ƙafar ta kumbura ta ɗuri ruwa. Maimakon a yi masa faɗa, tsofaffin unguwa suka ce, "Ɗan albarka, ba ya son tayar wa mutane da hankali." Har ƙuli-ƙuli aka ba shi. Da irin wannan aka rene shi.

Da ya girma ya shiga sana'ar mazarƙwaila. In rake ya nuna, shi ne a bakin tukunya, yana juya ruwan yana kwashe kumfa har ya yi kauri a zuba a tasoshi. Launin ruwan kawai yake kallo ya san a sauke ko a ƙara wuta. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce mini Yahuza bai iya ganin launi ba.

Ya auri Rumaisa, 'yar Malam Maiwada na Saulawa, yarinya mai sanyi irinsa. Da cikinta na fari ya tsufa aka mai da ita gida, ta haifi namiji a ɗakin mahaifiyarta, Inna Huseina. Ɗan fari kuwa kowa ya san yadda muke yi da shi. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya ko tambayar lafiyarsa kai tsaye, sai ka ce sato shi aka yi. Ga kuma kunyar surukai a kai. Wa aka samu da zai iya wannan in ba Yahuza ba?

Kullum da safe yana ɗaure itacen wankan jego a bayan babur ya kai Saulawa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a zaure ya gaida Malam Maiwada, ya shigar da itacen tsakar gida kansa a sunkuye, ya fito. Ɗakin mai jego kuwa a rufe, an toshe taga da zani saboda iska, ga kaskon gawayi. A wannan duhun ko akuya aka canza musu da jaririn sai sun ɗan jima kafin su gane.

Ranar Laraba da ya shiga da itace, ya tarar Inna Huseina ta fito da jaririn bakin ƙofa tana shafa masa mai. Yahuza ya saci kallo, daidai yaron ya buɗe ido. Farin idon ya koma ruwan ƙwai, goshi da kan hanci ma haka. Ya san ciwon shawara, don wani abokin aikinsa ya taɓa yi.

Inna Huseina ta ce, "A'a, Yahuza ne? Sannu da hidima, Allah ya yi albarka."

Ya durƙusa. "Ina kwana, Inna. An tashi lafiya? Yaya gajiya? Yaya... mutanen ɗaki?"

"Lafiya lau. Ka ga angon nawa, fari sol, farin kakata ya ɗauko. Ga haƙuri, ba kuka ba rigima, barci kawai. Ko nono sai an tashe shi."

"Madalla," in ji Yahuza.

Madalla! Abin da bakinsa ya iya furtawa ke nan. Ya ajiye itace ya hau babur ya koma bakin tukunyarsa.

Rumaisa ma ta ga yaron ba ya kama nono, in ya kama ya ɗan tsotsa sai ya saki. To amma ita ma tana nata aikin. In an miƙo mata shi sai ta kau da kai, sai an yi ta lallashi, mata na dariya suna cewa, "Kai, wannan yarinya da alkunya." Ta yaya wadda ake tafa wa don ta ƙi kallon ɗanta za ta buɗe baki a gaban uwarta ta ce ɗana ba shi da lafiya?

Washegari ya sake zuwa da niyyar zai faɗa. Ya tsuguna gaban Malam Maiwada, suka gaisa, suka yi maganar damina, suka yi maganar ragon suna, ya tashi. Da yamma ya kira ni a waya, ina gidan aurena a Likoro.

"Yaya, yaushe za ki zo?"

"Jajibirin suna mana, ai na gaya maka. Lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. A gaida yara."

Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya, ni ma kunyata ya ji. Wannan kiran har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake.

Ranar jajibirin na isa Saulawa na tarar gida ya cika da mata, ana daka, ana soya, ana ta shewa. Ni gwaggo ce, ba ruwana da kunyar kowa. Na shiga ɗaki na ce a ba ni ɗana in gan shi a haske. Ina fitowa da shi tsakar gida na yi salati. Yaro ya yi rawaya har tafin ƙafa. Ya banƙare a hannuna, kansa ya yi baya, ya saki wani siririn kuka mai tsini da ban taɓa ji ba a bakin jariri.

Na ce, "Inna, wannan yaron shawara ce ta cinye shi! Asibiti, yanzun nan!"

Wata tsohuwa ta ce a jiƙa masa saiwa. Wata ta ce ba a fita da jariri kafin suna. Wata kuma, Allah ya shirye ta, ta ce to abincin da aka ɗora fa? Ban tsaya ba su amsa ba. Na leƙa zaure na ga Yahuza a tsugune kamar kullum, na daka masa tsawa na ce ya nemo mota. Ai kuwa ya zabura da gudu ko takalmi bai tsaya sawa ba, kamar dama jira yake wani ya ba shi izini.

Daga asibitin kusa aka tura mu Zariya. Aka rufe wa yaron ido aka sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, daga baya aka ce sai an canza masa jini. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta tara mu ta ce wannan ciwon in an kawo shi da wuri sau da yawa fitilar kaɗai ta isa, amma in ya daɗe yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Sannan ta tambaya, "Tun yaushe aka fara ganin idon ya canza?"

Inna Huseina ta ce ai jiya-jiyan nan ne. Rumaisa tana ta kuka. Sai muka ji murya daga bayanmu, can ƙasa-ƙasa.

"Tun Laraba."

Duk muka juya. Likitar ta dube shi ta ce, "Kai ne baban? Ka gani tun Laraba, me ya hana ka magana?"

Yahuza ya sunkuyar da kai. Inna Huseina ce ta amsa a madadinsa, tana share hawaye da bakin mayafi: "Allah sarki. Ɗan fari ne, likita. Shi kuma yaron kirki ne, akwai kunya."

A nan ne na fita waje, don in na tsaya zan faɗi abin da zai raba zumunci. Jikanta na kwance ana zuƙe masa jini ana zuba wani, ita kuma har lokacin yabo take.

Yaron ya rayu. A can asibitin aka raɗa masa suna Ukasha, ba taro ba shewa. Yanzu yana cikin shekara ta huɗu. Wuyansa ya daɗe bai tsaya ba, tafiya sai an riƙe shi, kuma ba ya ji ko kaɗan. Mutanen da suka yi ta yabo yanzu cewa suke haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ban yarda a ɓoye a bayanta ba.

Bana lokacin rake na je Nasarawan Doya na same su a wurin aiki. Yahuza ya shimfiɗa wa Ukasha buhu a inuwa ya jingine shi da damin rake. Aka tayar da injin matsa, ƙararsa ta sa yaran da ke wurin suka toshe kunne suka watse, shi ko gezau bai yi ba, yana kallon hayaƙi. Yahuza ya bar tukunya ya zo ya goge masa miyau da gefen rigarsa, ya ɓantaro mazarƙwaila mai ɗumi ya sa masa a baki. Na zo da faɗa a bakina kamar yadda na saba, don har yau ban huce ba. Kafin in fara ya ɗago ya dube ni.

"Yaya," ya ce, "kina ganin ya san ni ne ubansa?"