Fanka Ta Juya Wa Mai Shago Baya

Cikin masu jiran a ɗauke su hoto a shagon nan na bakin tashar Matameye, Sa'a kaɗai ta lura da fankar. Fankar ta juya wa mai shagon baya, tana ta hura wa wani ƙaton ordinatar, wato kwamfuta, iska. Shi kuwa, dogo siriri mai ɗan gemu, gumi ya jiƙe masa wuyan riga sharkaf.

Inji biyu ne a gabansa. Ƙaramin irin na gida ne, babban kuma daga Kano ya ɗauko shi, ga alama shi ne duk abin da cin ranin bana ya haifa.

"Alhaji, wannan ƙwaƙwalwarsa ta manyan ma'aikatu ce," yake gaya wa wani dattijo, yana shafa injin kamar ragon layya. "Bidiyon bikin da ƙaramin zai wuni yana niƙawa, kafin shayinka ya huce wannan ya gama."

"To wa ke biki bana, Inusa?" in ji Alhajin. "Rumbu ba gero, rediyo sai kiɗan soja."

Inusa ya yi dariyar yaƙe. Sa'a ta raya a ranta cewa a gidansa akwai wadda ta sa ran buhun gero, aka sauke mata kwalin inji. A allon injin kuwa amaryar bara ce, yana ta sake gyara ta.

Sai wuta ta ɗauke. Babba da ƙarami suka mutu tare, ba wanda ya riga wani. Inusa ya ɗauki mafici, ya fara fifita babban injin tukuna, sannan ya juyo da shi kansa.