Tifar da Ba Gusau Za Ta Ba

Gusau zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Gusau. Shinge bakwai muka wuce kafin Kano, ko'ina sai an leƙa jakata. Ɗana na fari na tafi ɗaukowa, wanda ba na faɗin sunansa. Shekara tara yana kanikancin manyan motoci a Maleshiya. Da ubansa ya rasu ya ce in zo in ga wurin, mu dawo tare.

Kuala Lumpur

Mun sauka a Habasha, muka sake jirgi, aka yini aka kwana a sama. Ya tarbe ni da la'asar, ya kai ni masaukinsa a unguwar Setapak, bene hawa na goma sha ɗaya. Shinkafarsu da kwakwa ake dafawa. Na ci don kada ya ji kunya.

Gareji

Ran Talata ƙarfe tara na ce sai na ga wurin aikinsa. Tafiyar minti arba'in ce. Zafi kamar an rufe mutum a tukunya, shi kuwa yana ƙarƙashin wata tifa. Na zauna a benci ina kallo. Ya zubar da baƙin mai, ya zuba wani tsararo. Ya cika lagireto da wani koren ruwa. Ya sake matatar gas, ya ɗora batir biyu sababbi, ya naɗe su da bargo.

Shekara arba'in na yi ina auren direban tirela. Na ga marigayi yana hura gawayi ƙarƙashin tanki a Jos don gas ya saki. Ba a lulluɓe batir don Gusau.

Na ce, "Kai, wannan motar ina za ta?"

"Mongoliya, Inna. Bayan ƙasar Sin, wurin haƙar ma'adinai. Can gas daskarewa yake kamar man shanu."

"Wa zai riƙa duba ta?"

Ya yi ta goge hannu da tsumma. Ubangidansa, wani Basine, ya dafa kafaɗarsa yana ta "boleh, boleh", wai zai iya.

Yaron ya ce, "Ni zan bi ta. Shekara uku ce kawai, Inna. Na rasa yadda zan faɗa miki a waya."

Ɗan fari ne. Ko yana jariri ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, balle yau in roƙe shi a gaban baƙo. Na ce, "To ka riƙa cika tanki kafin ta kwana. Rabin tanki ruwa yake tarawa."

Ya ce, "To, Inna."

Komawa

Ran Asabar ya raka ni filin jirgi. Ya durƙusa, na ce Allah ya yi albarka, na juya da sauri. A jirgi, kujerar kusa da ni wata Bahabashiya ce a kai, ita ta miƙo mini hankici.

Na iso Gusau ran Litinin bayan magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa maƙwabtan da suka share ɗakin yaron suka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na ce su naɗe ta.